Kwalayen Barat Mu'allim

Barat Sawut ya koyar da ni shekara huɗu, na kuma yi aiki a ƙarƙashinsa shekara tara, amma ban taɓa jin ya kira kansa masani ba. In aka tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Kala nake yi. Tsofaffi sun girbe sun wuce, ni ina bi ina tsintar abin da ya zube." Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Gashin hannunsa ya ƙone tun yana yaro bai sake fitowa ba, domin ubansa mai tanderu ne a garin Korla, kuma shi ke manna gurasar safe kafin ya wuce makaranta. Mu ɗalibansa Barat Mu'allim muke ce masa. Kwalejin da muka yi aiki ba zan faɗi sunanta ba, don har yanzu da sauran mutane a cikinta.

Mahaifiyarsa 'yar mutanen Lop ce, masuntan ƙarshen kogin Tarim. Uygurci take yi kamar kowa, amma irin nasu, wanda in ta buɗe baki a kasuwa mai albasa sai ya ce ta maimaita, ba don bai ji ba, don dai ya kira na kusa da shi su yi dariya tare. Labarinta sau ɗaya tak ya ba ni, a cikin bas, idonsa na kan taga. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ta biyo shi makaranta da hular sanyi da ya manta, ta tsaya a ƙofar aji ta yi masa magana. Ajin ya fashe da dariya, har malamin ya juya ga allo yana ɓoye fuska. Da ya koma gida ya ce mata, "Apa, in kin zo makaranta ki riƙa miƙo abu kawai, ba sai kin yi magana ba."

Ta ce, "To."

Tun daga ranar ta koma yi masa maganar 'yan birni, a hankali, tana auna kowace kalma kafin ta fito da ita.

Da ya je jami'a a Urumci, wata rana malamin tsohon harshe ya rubuta wata kalma a allo, daga wani rubutu mai shekara kusan dubu, ya ce ta mutu, babu sauran mai faɗinta a duniya. Kalmar kuwa ita ce wadda uwarsa ke kiran siririyar ƙanƙarar da ke kwana a bakin randa da ita. Ya ɗaga hannu ya faɗa. Malamin ya saurare shi, ya cire tabarau ya ce, "Uwarka? Tana raye? To me kake yi a nan?"

Da aka yi hutu ya tafi gida da sabon littafi da fensir biyu. Ya zauna a gabanta ya ce ta yi masa magana irin ta dā. Ta dube shi ta ce ta manta. Kwana uku yana roƙonta. A na ukun ta ce, "Ɗana, sha shayinka, zai huce." Kafin hutu na gaba ta rasu.

Daga nan ya kama aikin da ya cinye masa rayuwa. Duk hutun bazara, sa'ad da sauran malamai ke kwance a ƙarƙashin rumfar inabi suna yanka kankana, shi yana can ƙauyukan Lop da rikoda da kasa-kasai, yana zaune gaban tsofaffi. Kowace kalma da katinta: kalmar a sama, ma'anarta a ƙasa, sai jimlar da ya ji ta a ciki. Katunan yana jera su a kwalayen takalma. Matarsa Zohrehan, tela ce, ita ke karɓo masa kwalayen a wajen wani mai kantin takalma da take ɗinka wa matarsa kaya. Allah bai ba su haihuwa ba. In baƙi sun zo sai ta nuna bangon ɗakin ta ce, "Ga 'ya'yanmu nan, talatin da ɗaya. Ba sa ci, ba sa kuka, sai tara ƙura."

Ni na same shi ne a shekara ta 2003, ina 'yar shekara sha tara, na zo koyon aikin malanta. Ranar farko ya shigo aji bai gaishe mu ba, ya rubuta kalma huɗu a allo: tagh, tau, too, dagh. Ya juyo yana kaɗe alli daga hannunsa.

"Dutse ɗaya ne wannan, a harshe huɗu," in ji shi. "Bakazake yana kan doki yake faɗa, gudu ya yi yawa, wutsiyar kalmar ta faɗi a hanya. Bakirgize ya hau can ƙololuwa, numfashi ya ƙare masa, abin da ya iya ke nan, too. Baturke ya yi nisa da gida har ya manta da wane harafi ake farawa. Mu kuwa muna zaune a inuwa ba aikin fari ba na baƙi, shi ya sa muke da lokacin furta ta duka."

Wata Bakazakiya da ke bayana ta ce, "Mu'allim, kafin ku gama furtawa ai mu mun kai bayan dutsen."

Ya yi dariya har da riƙe tebur. Ya ce, "Ke kin ci jarrabawa, tashi ki tafi gida."

Haka yake koyarwa. Sai ka fito daga ajinsa ka ji duk wanda ya yi magana a cikin bas kana son ka tambaye shi garinsu. Da na gama ya nemi a bar ni a sashen, aikina koyar da 'yan shekarar farko da buga katunansa a kwamfuta, don shi da yatsa ɗaya yake bugu, kuma yana yi wa injin tsawa.

Sau uku na bi shi ƙauyukan. Wanda na fi tunawa shi ne zuwanmu wajen Tohti bowa, wato kaka Tohti, wani tsohon masunci da ke cewa shekararsa ɗari da goma, 'ya'yansa kuma na cewa tamanin da 'yan kai. Mun same shi zaune a cikin tsohon kwalekwalensa, a kan rairayi, domin ruwan ya daɗe da janyewa daga wurin. Yana hango mu ya ɗaga sanda.

"Ga ɓarawon murya nan ya dawo! Bara ka tafi da muryata a akwatinka, tun lokacin nake tari."

"Bowa, tarin naka na taba ne."

"Ku ji shi. Ɗan mai gurasa ya zama likita. Wannan kuma wace ce? Ka kawo mini mata?"

"Ɗalibata ce, Hurnisa."

"Ta yi rama da yawa. Ku 'yan birni takarda kuke ci?"

Aka gasa mana kifi a tsire a gefen wuta, kifin kuwa daga kasuwa aka sayo shi, abin da ya sa tsohon ya ƙi ci. Barat Mu'allim ya kunna rikoda ya yi ta tambaya. Yaya ake kiran igiyar da ake ɗaure taru da ita? Iskar da ke tashi kafin ambaliya fa? Tsohon na amsawa yana zagin jikokinsa da ba su san ko ɗaya ba. Can aka zo kan ruwan da ke saura a kwari bayan ambaliya ta koma, wanda kifi ke maƙalewa a ciki. Tohti bowa ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Ya juya ya ƙwala kira cikin gida, "Ke tsohuwa, me muke ce wa..." sai ya tsaya. Matarsa ta rasu tun da sanyin da ya wuce. Ya ce, "Kashe abin nan."

Washegari da hantsi muna bakin titi, tafiyar awa biyu daga ƙauyen, bas ta zo mun shiga har ta fara tafiya, sai na ga wani abu na tahowa a kan jaki yana ɗaga sanda. Tohti bowa ne. Direba ya ƙi tsayawa. Barat Mu'allim ya zura kai ta taga, tsohon ya ƙwala masa kalmar da ta ɓace masa jiya sau uku da iya ƙarfinsa, ya bi ta da, "Ka rubuta daidai, ɗan mai gurasa!" Babu takarda a kusa, jakarmu tana kan rufin mota. A tafin hannunsa ya rubuta, ya riƙe hannun a buɗe kamar mai addu'a har muka iso gari, ko gurasar da na miƙa masa bai karɓa ba. Da muka koma bazarar gaba an binne tsohon.

Haka abin yake kowace shekara. Ya je ya tarar da ƙofa biyu ko uku a rufe. Yana dawowa sai ya zauna ya yi ta rubutu kamar ana bin sa.

A shekara ta 2010 muka kai kashi na farko na ƙamus ɗin da yake haɗawa daga katunan wata maɗaba'a a Urumci. Editan mutumin kirki ne, tsohon abokin karatunsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce wannan aiki ne da za a yi shekara ɗari ana ambato. Bayan wata shida ya ce kwamiti na dubawa. Bayan shekara ya ce kwamitin na son a cire jimlolin da ke da addu'a a ciki. Barat Mu'allim ya ce, "Masunci ne fa. Mutumin da ke shiga ruwa a cikin ɓawon itace, me kake so ya faɗa in ba addu'a ba?" Amma ya cire. Muka yi wata huɗu muna cirewa. Sai aka ce a sake gabatarwar. Ya sake sau biyar. A ƙarshe editan ya kira shi ya ce, "Barat aka," wato yaya Barat, "bana ba dama. Mu ga baɗi." Duk baɗi haka ake faɗa. Takardun ma ba a dawo da su ba.

Na taɓa ce masa mu aika wa wani masani a ƙasar waje. Ya leƙa ƙofa ya dawo ya ce, "'Yata, aika rubutu waje ba da izini ba, laifin da zai ci mu ne mu biyu. Ni na tsufa, ke fa?"

Ɗalibai kuma suna ta raguwa. Shekarar da na shiga mu sittin ne. Bayan shekara goma aka koma sha huɗu, su ma yawancinsu waɗanda ba su sami gurbi a wani sashe ba ne. Ba na ganin laifin iyaye. Makarantun firamare suna komawa Sinanci ɗaya bayan ɗaya, wa zai tura ɗansa ya koyi aikin da ake rufewa? Ƙanwata ma da ta tambaye ni shawara kan 'yarta, ban ce ta kawo ta wajenmu ba.

Wata Litinin aka tara mu a ɗakin taro. Shugaban sashen, Ghalip, shi ma tsohon ɗalibinsa ne, ya miƙe da takarda. Ya karanta ta da Sinanci daga farko har ƙarshe bai ɗaga kai ba. Daga zango mai zuwa duk darussa da Sinanci za a yi su, kuma kowane malami zai zauna jarrabawar baki ta Sinanci. Da ya gama ya ce ko akwai tambaya. Barat Mu'allim ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Har da nahawun Uygurci?"

"Duk darussa, Mu'allim."

"In koyar da Uygurci da Sinanci, ga yaran da uwayensu suka yi musu waƙar reno da Uygurci?"

Ghalip ya ninke takardar gida huɗu. Ya ce a hankali, "Mu'allim, ba ni na rubuta ba. Karantawa aka ce in yi."

"Na sani, ɗana. Ka karanta da kyau. Ni na koya maka tsayawa a aya."

Wasu suka yi dariya kaɗan suka haɗiye. Babu wanda ya ƙara cewa komai, har da ni.

Ya gwada. Wannan ina so a sani, ya gwada da gaske. Mutumin da ke karanta Kazakanci da Kirgizanci da Uzbekanci da Turkanci, yana jin Rashanci, amma Sinancinsa na kasuwa ne, muryoyin kalmomin ba sa zama a bakinsa. Ya sayi littafin yara yana bita a ofis, ni ina gyara masa. Na zauna a bayan ajinsa ranar farko. Ya tsaya yana haɗa jimla kamar mai ɗaukar buhu, gumi na zubo masa, yana so ya bayyana yadda wasula ke bin juna a kalma. Ya faɗi wani abu da ya fita da wata ma'ana daban, wata yarinya ta toshe baki. Ba dariyar mugunta ba ce, kuɓuce mata ta yi, nan take ta fara hawaye. Ya dube ta ya ce da Uygurci, "Yi dariyarki, 'yata, ni ma na taɓa yi wa wata." Sai ya tuna, ya dubi ƙofa, ya koma Sinanci.

Ya faɗi jarrabawar sau biyu. Aka ɗauke shi daga aji aka mai da shi ɗakin ajiyar littattafai da ke ƙarƙashin ƙasa. Shekara guda bayan haka aka haɗe sashenmu da wani, wato an rufe shi ke nan. Wata safiya na zo na tarar an kwashe kwamfutocin ofis duka, da aikin shekara takwas a cikin tawa. Na sauka ƙasa da gudu in gaya masa. Na same shi da jerin sunayen littattafai a hannu, yana ciro su daga kanta yana zubawa a buhu. Aikin da aka ba shi ke nan a makon: ya ware waɗanda aka ce a janye. A cikinsu har da ɗan littafin nahawu da shi da kansa ya rubuta wa 'yan shekarar farko.

"Mu'allim, sun tafi da kwamfutar."

"Akwai faifai a gida," in ji shi, bai juyo ba. "Riƙe mini bakin buhun nan."

Na riƙe masa.

A bazarar 2016 na sami gurbin ƙaro karatu a Turkiyya. Fasfona ya fito bayan na fid da rai, kowa na ce mini in tafi kafin a canja shawara. Saura kwana biyu na je yi musu sallama da azahar. Zohrehan acha, wato yaya Zohrehan, na tsakar gida tana jan taliya, tana ɗaga ta tana bugawa a katako. Shi kuma ya ja ni ɗakin kwalayen, ya rufe ƙofa, ya ciro faifan daga cikin wata tsohuwar hula.

"Rabin aikin na nan ciki. Ba shi da nauyi."

Na dubi faifan. A lokacin a duk shingen bincike ana karɓar waya a duba, a filin jirgi kuwa duk abin da inji ke karantawa sai an karanta shi. Kuma wannan na asali ne, wanda ba a cire addu'o'in ba. Uwata tana gari, da ƙanwata da 'ya'yanta. Na tsaya hannuna a bayana.

"Mu'allim, ba zan iya ba."

Ban san me nake jira ya ce ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya mayar da faifan cikin hular.

"Gaskiyarki. Da kin karɓa ma da ban yi barci ba."

Kunya ta hana ni fita. Na ce, "Katunan fa? Takarda ce da rubutun hannu, za su ɗauka na karatuna ne. Kwali ɗaya zai shiga jakata."

Ya juya ga bangon. Ya ciro wannan ya buɗe ya mayar, ya ciro wancan. Zohrehan acha ta turo ƙofa da gwiwar hannu, hannayenta duk gari, ta ce, "Taliya za ta kwana a tukunya? Me yake yi?"

"Zaɓa yake yi, acha."

"Wannan ko hula ba ya iya zaɓa. Barat, ba ta na farkon, ku zo ku ci abinci."

Na farkon ya ba ni. Muka ci taliyar a ƙarƙashin rumfa, ya yi ta ba ni shawarar yadda zan yi da Turkawa. Ya ce za su ce Uygurci tsohon Turkanci ne, in ce musu a'a, Turkanci ne Uygurcin da ya ɓata a hanya. Ya rako ni har bakin lungu da silifa. A filin jirgi jami'in ya buɗe kwalin, ya zaro kati biyu, ya juya su, ya mayar. Da faifan ne ban san yadda za ta kasance ba. Har yau ina juya wannan a raina, ban kuma sami amsa ba.

Wata takwas muna gaisawa ta waya, gaisuwa kawai, lafiya da yanayin gari. Sai wata rana da bazarar 2017 saƙonsa ya shigo: "'Yata, sanyi ya dawo nan. Ki kula da karatunki, kada ki ƙara kira." Da na duba washegari ya cire ni daga abokan hirarsa a waya, don magana da na waje ta zama laifi a can. A cikin makon uwata ta cire ni, ƙanwata ma haka. Ba ni kaɗai ba ce. Duk 'yan garinmu da ke Istanbul haka muka yi ta nuna wa juna wayoyi.

Shekara biyar ban ji komai ba. Na rubuta wa duk inda aka ce a rubuta. Na tsaya a gaban ofisoshi da hotonsa tare da masu hotunan nasu. Wani ya ce an gan shi yana gadin ƙofar wata makaranta, wani ya ce ya rasu tun tuni. Karatun nawa na bar shi a rabi, na kama aiki a wani shagon ɗinki, ranar Asabar kuma ina koya wa yaran unguwarmu baƙaƙen Uygurci a wani ɗaki a saman gidan abinci.

Labarin gaskiya ya zo ne ta bakin Merhaba, maƙwabciyarsu, wadda ke auren wani ɗan Kazakistan, shi ya yi ta fafutuka har aka bar ta ta fito. Ta zo Istanbul asibiti, wata ta haɗa mu. Muka zauna a wani lambu, ta kashe wayarta ta sa a jaka, ta ɗora mayafi a kan jakar, sannan ta fara.

Jami'an tsaro sun zo sun tafi da shi wata biyu bayan saƙon nan, aka ce karatu zai je, wato sansanin tsarewa. Mutum mai shekara sittin da ɗaya. A makon ana bi gida-gida ana duba takardu. Zohrehan acha ta kwana biyu tana kallon bangon, a na uku ta hura tanderu. Kwana uku tana zuba katunan, kwali bayan kwali, kuma don kada a tambayi dalilin hayaƙin sai ta yi ta gasa gurasa a kai tana rabawa maƙwabta.

"Ni ma na ci," in ji Merhaba. "Ban sani ba sai daga baya. Wallahi Hurnisa, ban sani ba."

Kasa-kasan ta zare zarensu ta zuba a magudanar ruwa. Faifan ta karya shi da almakashin ɗinki.

Bayan shekara biyu da wata bakwai aka dawo da shi. Ya rame har hularsa na faɗo masa kan ido. Ya shiga ɗakin ya ga bangon fayau, ya tsaya kaɗan, ya fito ya zauna. Bai tambaya ba, matarsa ma ba ta faɗa ba. Merhaba ta ce ta shiga yi masa barka, mutumin da ya san ta tun tana goye, ya miƙe tsaye da sauri, hannayensa a gefe, ya gaishe ta da Sinanci.

"Na ce, Barat aka, ni ce fa, Merhaba. Ya ce ya sani. Da Sinanci ya ce ya sani."

Ya yi shekara guda da 'yan watanni yana zama a bakin ƙofa in rana ta fito. Da sanyi ya kama shi a ƙirji bai yi mako biyu ba. Mutum bakwai aka bari suka raka shi. Zohrehan acha tana nan, idonta ya yi rauni, ta daina ɗinki.

Na ce, "Ya taɓa ambatona?"

Na ga Merhaba tana neman abin da za ta ba ni. Ta ce, "Bai ambaci kowa ba."

Bayan wata biyu na ɗauki kwalin na kai wa wata farfesa a nan, mai nazarin harsunanmu, mace mai kirki da ta taɓa jin sunansa. Kati dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai ne, harafin farko da rabin na biyu. Ta yi awa guda tana dubawa, tana cewa kai, kai. Sai ta nuna wata 'yar lamba a kusurwar kowane kati ta ce wannan fa? Na ce lambar wanda ya faɗi kalmar ce. Sunayensu da ƙauyukansu da ranar da aka yi hirar suna cikin wani baƙin littafi da yake ajiyewa dabam. Ni lambobin kawai nake bugawa. A cikin mutum sama da ɗari biyu, uku na iya tunawa.

Ta aje katin. Ta ce ba tare da littafin ba, ba tare da kaset ko ɗaya ba, zai yi wuya wata mujalla ta karɓa, don ba yadda za a tabbatar wa ya faɗa, a ina. Ta ce za ta yi tunani. Ta sa aka kawo mini shayi, ta ce in nisanta su da danshi, garin nan yana cin takarda.

Na kira Merhaba a Almati, can Kazakistan, na tambaye ta ko akwai hanyar da za a tambayi Zohrehan acha baƙin littafin, ko shi ma ya shiga tanderun. Ta ce ita ba za ta koma ba, kuma ko da tana da wanda za ta aika, ba za ta aika shi gidan da wannan tambayar ba.

Na ce, "Haka ne."

Muka ɗan yi maganar ciwon ƙafarta, da tsadar haya, sannan ta ce mijinta na kira, ta kashe.